Tarin Alhaji

Ranar da maƙwabcina Alhaji ya yi ritaya zai koma ƙauye, an loda komai a mota har turmi da taɓarya, sai akunsa aka bari a zaure cikin keji. Hajiya ta ce, "Malam, ko za ka riƙe shi? Yaran duk sun ƙi." Na leƙa. Ƙirjin nan fes babu gashi, kamar kazar da aka fige aka manta ba a yanka ba. Jar wutsiyar ma gashi biyu suka rage. Tausayi ya kama ni, na ce a kawo. Ina shiga gida maman Ummi ta dube ni, ta dubi kejin, ta ce, "Baban Ummi, wannan na miya ne ko na ado?"

Washegari na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya juya shi, ya ce kaɗaici ne ya sa yake tsige gashinsa da kansa, don a kurmi garke-garke suke yawo. A rage masa gyaɗa, maiƙonta ya yi yawa, a ba shi gwanda da gwaba da karas. Barkono ma ba ya jin yajinsa, amma fiya guba ce gare shi. A riƙa fesa masa ruwa, tunda ɗan kurmin Kudu da Kamaru ne, bai san bushewar hunturun Kano ba. Sannan a riƙa yi masa hira. To, ni da uwargida ke ƙorafin ba na hira, sai ga ni kullum bayan la'asar a gaban keji ina ba tsuntsu labarin tsadar shinkafa.

Gashi ya fara tsirowa, sai kuma ga tari. Ƙarfe biyun dare na ji shi, tari mai zurfi irin na dattijo, da kaki a ƙarshe. Na yi wuf na lulluɓe kejin da bargona, ni kuma na kwana a takure cikin zanen gado. Sau biyu ina biyan kuɗin adaidaita zuwa wurin likita. Ya saurari numfashinsa, ya ce ƙalau yake, kuma tsuntsu ba ya tari irin namu. A raina na ce wannan likitan, shanu kawai ya iya. Na dawo na haɗa zuma da citta ina ɗiga masa a baki, ya sakar mini cizo a babban yatsa, har yau farcen bai dawo daidai ba.

Sai ranar da Hajiya ta kira a gaisa. Muna cikin magana mutumin ya saki tarinsa. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, yaushe Alhaji ya zo gidanka? Yanzu fa na bar shi a ƙofar gida!" Ashe tarin ubangidansa ya haddace, har da kakin.

Haushi ya sa na kai shi Kurna wurin ɗan yayata mai kiwon tattabaru. Kwana uku ya dawo da shi. "Kawu, ya koyi fiton da nake kiransu da shi. Yini suke suna sauka suna tashi, ko hatsi ba su samu sun ci ba." Wani dillali ya ce zai fitar da shi Dubai, na ji daɗi na gaya wa likita. Ya ce in rufa wa kaina asiri, tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin irin wannan aku na daji tsakanin ƙasashe. Ya ƙara da cewa yana iya kai shekara 50, gara in sa shi a wasiyya.

Yanzu gashinsa ya cika, toka-toka gwanin kyau, ni kuma sanyin da na kwasa ya zama mura. Daren jiya na yi tari har idona ya kawo ruwa, ina jiran a kawo mini zuma. Sai na ji maman Ummi cikin magagin barci tana cewa, "Ummi, je ki rufe tsuntsun nan mu samu mu yi barci."