Tarar Naira Dubu Ɗari Ga Mutumin Da Aka Rufe Wa Rumfar Zaɓe

A watan Mayun 2025 Majalisar Wakilai ta Najeriya ta yi wa wani ƙudirin doka karatu na biyu, wanda manufarsa ita ce a wajabta wa duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 fita zaɓe, wanda kuma ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kaiwa naira 100,000 ko a ɗaure shi wata shida. Kakakin Majalisar, Tajudeen Abbas, na cikin waɗanda suka gabatar da shi, kuma shi ne ya janye shi bayan jama'a da ƙungiyoyin lauyoyi sun yi masa caa. Da yawa sun ɗauka maganar ta mutu ke nan, amma ni ban ɗauka haka ba, domin ƙudirin ne kaɗai aka janye, tunanin da ya haife shi yana nan daram a zukatan masu mulki da 'yan bokon da ke kewaye da su. Tunanin kuwa shi ne, talakan Najeriya ne matsalar dimokuraɗiyyar Najeriya, ko dai don ya ƙi fita zaɓe, ko kuma don ya fita ya zaɓi wanda ba su so.

Alƙaluman da suke kafa hujja da su gaskiya ne, babu mai musu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita. A 2015 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 44, a 2019 ya koma kusan kashi 35, sannan a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya faɗi ƙasa da kashi 27, wato cikin mutum sama da miliyan 93 da ke cikin kundin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, kimanin miliyan 25 ne kawai suka jefa ƙuri'a. Shugaba Bola Tinubu ya hau mulkin ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 da ƙuri'u miliyan 8.79. Wannan abin damuwa ne ga duk mai kishin ƙasa. Sai dai inda 'yan majalisar suka ɓata rawarsu da tsalle shi ne da suka ɗauka cewa duk waɗannan mutum miliyan 68 da ba a gani a rumfunan zaɓe ba, lalaci ne ko rashin wayewa ya zaunar da su a gida. An bar jaki ana dukan taiki, domin a cikinsu akwai miliyoyin da suke son yin zaɓe, gwamnati da dokokinta ne suka hana su.

Masu goyon bayan ƙudirin suna yawan ambaton Ostiraliya, inda zaɓe ya zama tilas tun 1924. Ba sa faɗin cewa a can tarar dala 20 ce ta ƙasarsu, ana iya zaɓe makonni kafin ranar, ana iya aikawa ta gidan waya, kuma jami'ai ne ke ɗaukar akwati su bi mutane har asibiti da ƙauyukan da ke nesa. A nan kuwa tarar da aka yanka ta fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗancan sauƙaƙawa da aka fara samarwa.

Mu fara da 'yan gudun hijira, waɗanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙiyasta sun haura miliyan uku a cikin ƙasar. Duk wanda ya shiga Gusau ko Katsina ko Sakkwato a 'yan shekarun nan ya ga matan da ke zaune a kangwaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, sun kafa murhu da duwatsu uku a bakin ƙofa, sun ɗaura tsohon zane ko buhu a taga don kare iska, yaransu na yawo da robobi a bakin kasuwa. Irin wannan matar ta baro ƙauyenta ne cikin dare da goyo a baya lokacin da 'yan bindiga suka shigo, kuma katin zaɓenta yana cikin kwanon jere ko ƙarƙashin katifar ɗakin da aka cinna wa wuta. Doka ta ce ba a zaɓe sai da kati, kuma sai a rumfar da aka yi rajista. Rumfarta tana harabar wata makarantar firamare da yanzu ko soja ba ya zuwa sai da shiri. INEC tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015, kuma ya taimaka a sansanonin Borno da Adamawa da Yobe, amma tsari ne da ya fi dacewa da mutanen da ke cikin sansanin da gwamnati ta amince da shi, suna kuma riƙe da katinsu. Mafi yawan waɗanda rikicin Arewa maso Yamma ya tarwatsa ba su cikin wani sansani, suna raɓe ne a gidajen dangi da kangwaye, ba su cikin lissafin kowa. Wannan matar gwamnati ta kasa kare mata miji da gona da hatsin rumbu, kuma ita ce ƙudirin ya so a kama da laifin ƙin yin zaɓe. Babu wanda ya fi ta buƙatar ƙuri'a a ƙasar nan, domin babu wanda gazawar masu mulki ta ci wa rayuwa kamar ita, amma ita ce ta farko da tsarin ya zubar.

Akwai kuma waɗanda gudun ya kai su ƙetare: dubun-dubatar 'yan Sakkwato da Zamfara da Katsina da ke jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, da 'yan Borno da ke Diffa da sansanin Minawao na Kamaru. Sashe na 77 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗaure rajistar zaɓe da zama a cikin Najeriya, saboda haka su ma an shafe su. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda duk lokacin da aka tayar da maganar bai wa mazauna ƙasashen waje damar zaɓe, hoton da ake kawowa shi ne na likita a Landan ko injiniya a Amurka, hujjar kuma ita ce suna aiko wa ƙasa da kusan dala biliyan 20 a shekara. Ba na adawa da ba su wannan dama, haƙƙinsu ne. Amma idan kuɗin da mutum ke aikowa ne ma'aunin cancantarsa, to an riga an yanke hukunci cewa manomin da ke tanti a Maraɗi ba ɗan ƙasa ba ne cikakke, alhali shi bai bar gida don neman arziki ba, korar sa aka yi.

Sai fursunoni. Gidajen gyaran hali na Najeriya na ɗauke da mutum kimanin 80,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu jiran shari'a suke yi, ma'ana babu kotun da ta same su da laifi. A cikinsu akwai wanda ya shafe shekaru a tsare saboda ba shi da mai tsaya masa beli, ko takardun shari'arsa sun ɓata tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a. Tun 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa fursunoni na da 'yancin yin zaɓe, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙarfafa hakan a 2018, amma aka yi zaɓen 2019 da na 2023 ba a kai akwati ko ɗaya gidan yari ba. Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu duk suna bari fursunoni su yi zaɓe, kuma ba a ji ƙasashen sun rushe ba. Majalisar da ta kasa tilasta wa hukuma bin hukuncin kotu na shekara goma ita ce ta samu lokacin tsara yadda za a ƙara cusa wasu mutanen cikin waɗannan gidaje, inda da zarar sun shiga za su rasa damar zaɓen da aka ɗaure su dominsa.

Ranar zaɓe ma kanta tana cire mutane da yawa. INEC na ɗaukar ma'aikatan wucin gadi sama da miliyan ɗaya, da yawa daga cikinsu matasa masu yi wa ƙasa hidima, ga dubban ɗaruruwan 'yan sanda da sojoji da sauran jami'an tsaro, ga 'yan jarida da masu sa ido. Kusan dukkansu ana tura su wuraren da ba nan suka yi rajista ba, saboda haka su ne ke tsare akwatin amma ba sa jefa komai a ciki. Haka ɗan ci-rani mai shayi ko mai gyaran takalmi a Agege ko Fatakwal, wanda katinsa na wata mazaɓa ce a Jigawa ko Kebbi: kafin ya yi zaɓe sai ya rufe teburinsa na kusan mako guda, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya kuma isa gida kafin a hana zirga-zirga. A Fabrairun 2023 an haɗa masa da ƙarancin takardun naira da na man fetur, lokacin da mutum ke kwana a layin banki don ya samu naira dubu biyar. Gwamnati ce ta janyo wancan ƙunci ana saura 'yan makonni zaɓe, sannan daga baya aka dawo ana mamakin inda masu zaɓe suka shiga.

Wannan raini yana da wata fuska da ta fi muni, wadda ake gani a shafukan sada zumunta bayan kowane zaɓe, inda wasu masu digiri ke cewa bai kamata ƙuri'ar farfesa ta yi daidai da ta wanda bai iya karatun boko ba, a mayar da zaɓe na masu takardar shaidar makaranta ko masu biyan haraji. Kowa ya san mutanen wane yanki ake nufi. Masu wannan magana suna ganin sabon tunani suka kawo, alhali tsarin Turawan mulkin mallaka ne suke neman dawo da shi. A ƙarƙashin tsarin mulkin Clifford na 1922, mazan Legas da Kalaba masu samun fam 100 a shekara ne kaɗai ke zaɓe. A Arewa, zaɓen 1951 an yi shi ne hawa-hawa, inda En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, ke da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, abin da ya sa nasarar da jam'iyyar NEPU ta samu a matakin farko a Kano ta tashi a banza. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa an ce ba su isa ba, kuma sai a 1979 suka shiga babban zaɓen ƙasa a karon farko, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan wannan haƙƙi. Malam Aminu Kano ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da ra'ayin cewa akwai waɗanda aka haifa don su yi mulki da waɗanda aka haifa don a mulke su. A Amurka ma da jarrabawar karatu da harajin zaɓe aka yi amfani wajen hana baƙaƙen fata zaɓe a jihohin Kudu har zuwa dokar 'yancin zaɓe ta 1965. A duk inda aka gindaya irin wannan sharaɗi, masu iko ne suka tsara shi don su rage yawan waɗanda za su iya tuhumar su.

Kuma ko a ma'aunin kishin ƙasa aka ɗora maganar, ba ta tsayawa. A 2023 kusan kashi 40 na masu rajista ne suka fita a Jigawa, yayin da a Legas, cibiyar 'yan boko da masu kuɗi, ba su kai kashi 20 ba. Tsohuwar da ke fitowa tun bayan sallar asuba ta tsaya a rana har azahar tana jiran na'urar BVAS ta karanta yatsanta ta fi mai rubutu a Facebook daga falonsa ɗaukar zaɓe da muhimmanci. Ta san farashin taki da na masara, ta san ko akwai magani a asibitin garinsu, ta san shekarar da aka daina kwana a gona saboda tsoro, kuma wannan ilimi ya ishe ta ta yi wa gwamnati hisabi. Masu cewa talaka na sayar da ƙuri'arsa da taliya da sabulu su tuna cewa mai sayen, da mai canza sakamako a cibiyar tattara ƙuri'u, da lauyan da ke kare shi a kotu, duk masu digiri ne.

Akwai dai waɗanda ke da kati, rumfarsu na bakin ƙofarsu, amma suka zaɓi su zauna a gida, kuma waɗannan ma ba a gyara su da barazana. Sun ga yadda aka yi alƙawarin ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a intanet kai tsaye daga rumfuna a 2023 aka kasa cikawa, sun ga yadda kujeru da dama ke ƙarewa a hannun alƙalai, sun ga yadda wanda suka zaɓa a wata jam'iyya ke sauya sheƙa zuwa wadda suka ƙi ba tare da ya tambaye su ba. Zamansu a gida hukunci ne suka yanke wa 'yan siyasa, kuma ɗan siyasar da ke son a ɗaure su yana neman a cika masa rumfuna ne don ya samu halaccin da bai yi aikin samunsa ba.

Idan da gaske Majalisa ta damu da ƙarancin masu zaɓe, aikin da ke gabanta a bayyane yake. Ta gyara doka yadda ma'aikatan zaɓe da jami'an tsaro za su jefa ƙuri'arsu kafin ranar, ta ba wanda katinsa ya ƙone ko ya ɓata hanyar zaɓe tunda na'ura na iya gane yatsansa da fuskarsa, ta sauƙaƙa sauya mazaɓa ga 'yan ci-rani, ta tilasta a aiwatar da hukuncin kotu a kan fursunoni. Sannan gwamnonin Arewa maso Yamma su daina ɓoye yawan mutanen da aka raba da garuruwansu don gudun abin kunya, su bari a ƙidaya su, a yi musu rajista a inda suke zaune yanzu kafin zaɓen 2027.