Me ya haɗa Badamagare da fitilar teku?

Jiya da dare a fada, ana zuba shayi na biyu, na ce kwanan nan labarin hasumiyoyin fitila na bakin teku nake karantawa. Wani ƙanena ya kwashe da dariya: "Haba Yaya, kai da ruwan famfo ma sai ka jera jarka a layi, ina ruwanka da teku?" Har ni na yi dariya, amma da maganar na kwana.

Ku shiga Kasuwar Dole ku tambayi mai shinkafa ina buhunsa ya fito. Jirgin ruwa ne ya sauke shi a Lome ko Kwatano kafin a loda wa kamiyo. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, ba mai gidan da bai ji a aljihunsa ba. Ɗanyen man Agadem ma bututu yake bi, kusan kilomita 2000, har Seme a gaɓar tekun Benin, inda jirgi ke jiransa. To duk jirgin nan, da dare ko cikin hazo, wa ke nuna masa ƙofar tasha?

Abin da ya fi burge ni, kowace hasumiya da irin ƙiftawarta. Wata ta haska sau biyu ta yi shiru, wata sau ɗaya mai tsawo. Matuƙi ya ƙidaya daƙiƙoƙi, ya duba taswira, ya san gaɓar da yake kallo. Ta Mamel a Dakar tun 1864 take wannan aiki. Kusa da tasha kuma akwai wasu manyan tuluna na ƙarfe da ke yawo a kan ruwa, an ɗaure su da sarƙa a ƙasan teku. A Afirka da Turai, mai shigowa yana barin jan tulu a hagunsa, kore a damansa. A Amurka da Japan kuwa akasin haka ne, abin da har yanzu yake ba ni mamaki. Ƙungiyar duniya mai kula da alamomin hanyar jiragen ruwa, wato IALA, wadda aka kafa a 1957, ita ke daidaita waɗannan ƙa'idoji.

Ƙanen nawa ya ce ai yanzu akwai GPS. Gaskiya ne, akwai. Amma na'ura tana mutuwa, kuma a yankunan yaƙi ana rikita siginarta da gangan. Ranar da allo ya yi baƙi, idon matuƙi da wannan fitilar ne suka rage.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Zango unguwar ayari ce, kakanninmu sun san abin da alama take nufi ga madugu a tsakiyar rairayi. Itaciyar Tenere ita kaɗai take tsaye a hanyar masu gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har aka sa ta a taswira. A 1973 wani direba ya banke ta da mota. Gawarta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta, don hanya ba ta yiwuwa ba alama.

Inda abin ya sosa mini rai shi ne wajen kula. Gishirin teku yana cin ƙarfe, sarƙa tana tsinkewa, tulu yana gusawa daga wurinsa, kashin tsuntsaye yana rufe farantin sola. Sai an samu mutanen da aikinsu ke nan: su fita da kwalekwale, su goge, su canza batir, su shafa fenti, in wata fitila ta mutu su aika wa jirage sanarwa nan take. Ba mai yanka musu ƙyalle, ba mai ɗaukarsu hoto.

Daga inda muke zaune a fadar nan ina hangen fitilun sola huɗu na titinmu. Ranar da aka kafa su har da makaɗa. Yau ɗaya ce ke ci, ita ma kafin sha biyun dare ta ɗauke. Na nuna wa ƙanen nawa, ya ce batir ne. Na ce to wa aka ɗora wa canza shi? Ya miƙo mini kofi na uku.