Turawan Ingila ma sun gwada bulala a kan mabarata

Duk sanda aka ce gwamnati za ta hana bara sai ka ga mutane a nan suna ta tafi, wai ai Turawa da suka ci gaba ba sa wasa da irin wannan. To ni dai na ɗan bi tarihin Ingila na wajen shekara 500 da suka wuce, kuma wallahi abin da na gani ya sa na daina saurin tafin.

Babu kalar azabar da mutanen nan ba su gwada ba. A 1531, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka yi doka aka raba mabarata gida biyu. Tsoho da musaki da mara lafiya alƙalin yanki zai ba shi takardar izinin bara, amma a iya wurin da aka yanka masa kawai, in ya tsallaka a sa shi a turu. Shi kuwa majiyin ƙarfi da aka kama yana bara, tuɓe shi za a yi a ɗaure a bayan amalanke a zaga kasuwa da shi ana tsula masa bulala har jini ya fito, sannan a ce ya koma garin da aka haife shi ko inda ya yi shekara uku na ƙarshe, ya je ya nemi aiki. Wane aikin? Dokar ba ta ce komai ba a nan.

Kuma fa a lokacin jama'a ƙaruwa suke, abinci na ta tsada, masu ƙasa suna shinge gonaki suna mayar da su makiyayar tumaki saboda ulu ya fi kawo kuɗi, gonar da da take ɗaukar ma'aikata da yawa yanzu makiyayi ɗaya da karensa sun ishe ta. Sai kuma sarkin da kansa ya rufe gidajen sufayen Kirista tsakanin 1536 da 1540 ya kwashe dukiyarsu, alhali nan ne talaka yake ɗan samun sadaka da wurin kwana.

Da abin ya ƙi sai suka ƙara wuta. A 1547 aka ce wanda ya ƙi aiki a yi masa lalas da harafin V a ƙirji, a ba da shi bawa na shekara biyu, in ya gudu a ƙona masa S a fuska ya zama bawa har abada. Ɗan ƙasa fa, ba fursunan yaƙi ba. Dokar ta yi muni har ba a samu masu zartar da ita ba, ko shekara uku ba ta cika ba aka soke ta. A 1572 kuma, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, aka koma huda kunnen dama da ƙarfe mai zafi bayan bulala, mai maimaitawa kuma har rataya tana iya hawa kansa. Ko 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari gari in ba su da wani basarake da ya tsaya musu, cikin 'yan gararamba ake lissafa su.

Amma wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne Norwich. A 1570 manyan garin suka ce bari mu daina hasashe, suka bi gida gida suka rubuta talakawan garin, suna, shekaru, sana'a, yara nawa, sama da mutum 2,000. Me suka tarar? Yawanci ba baƙi ba ne, ba kuma 'yan zaman kashe wando ba ne, mazauna garin ne, mata da yawa suna kaɗin zare, har tsofaffi tukuf da ƙananan yara suna aiki, kawai dai abin da ake samu ba ya kai wa baki.

Sai da aka jera shekaru ana mugun rashin amfanin gona daga 1594 zuwa 1597, mutane suna mutuwa da yunwa a arewacin ƙasar, sannan majalisa ta yi dokokin 1598 da 1601. Kowace unguwar coci za ta naɗa masu kula da talakawa daga cikin magidanta, su yanka wa masu gida da gona haraji na dole, ba wai in ka ga dama ba, in ka ƙi a kwashe kayanka a sayar. Da kuɗin a ciyar da gajiyayyu, a sayo ulu da rama a ba masu ƙarfi su yi aiki, a kai yaran talakawa koyon sana'a. Bulalar ba ta tafi ba, gidajen horo irin Bridewell na Landan ma yaɗuwa suka yi, amma wannan tsarin na haraji shi ne ya rayu har 1834. Ni a ganina nan ne kawai suka yi abin kirki, ranar da suka yarda sai mai hali ya sa hannu a aljihu.

Ba wai ina wanke su ba ne. Tunda kowace unguwa ita ke ciyar da nata, sai kowa ya koma cewa wannan ba namu ba ne. Dokar 1662 ta ba da dama a tasa ƙeyar baƙo cikin kwana 40 da zuwansa in ana ganin zai zame wa gari nauyi, sai in gidan da ya kama haya ya kai fam 10 a shekara. Har mace mai tsohon ciki ake korawa ta tsallaka iyaka don kar ta haihu jaririn ya zama nasu. Ina karanta wannan na tuna 2020 lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka dinga loda almajirai a mota kowa yana mayar wa ɗan'uwansa, yaran ana ta yawo da su a titi kamar kayan da aka ƙi karɓa.

A 1697 kuma suka ce duk mai karɓar tallafi, shi da matarsa da 'ya'yansa, sai sun ɗinka harafin P da jan ƙyalle ko shuɗi a kafaɗar dama ta rigarsu tare da harafin farko na sunan unguwarsu, wanda ya ƙi sawa a rage masa tallafin ko a yanke gaba ɗaya.