An hana mu kogi, an kuma wulaƙanta mu a filin jirgi

Har yanzu zuciyata tafasa take in na tuna abin da aka yi wa dattijon nan a gabana a filin jirgin Betel, garin da jiragen ƙauyukanmu ke tashi a Alaska. Ina koyar da lissafi a wani ƙaramin ƙauyen ƙabilar Yup'ik da ke gaɓar kogin Yukon, can ƙasa kusa da inda yake zubawa cikin Tekun Bering, a yammacin Alaska. Babu titin mota da ya haɗa mu da ko'ina. Da rani kwale-kwale, da hunturu babur ɗin ƙanƙara, in kuma asibiti za ka, to sai ƙaramin jirgin sama mai cin mutum tara. Masu kirana daga gida suna cewa "ai kai kana Amurka, ka huta", ku karanta wannan da kyau.

Maƙwabcina tsoho ne, kowa a ƙauyen Ap'a yake ce masa, wato Kaka, ni ma haka nake kiransa. An yi masa aikin ido a Ankorej, birni mafi girma a Alaska, muka haɗu a Betel a hanyar komawa gida, na karɓi jakarsa na riƙe masa. Yana tafe da kwali guda, an ɗaure shi tamau da igiya, cike da daskararren kifin salmon da 'yarsa mai aure a birni ta haɗa masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciyar da zawarawa da marayu da kifin ragarsa, yau shi ake yi wa tsarabar kifi a kwali.

Muka isa gaban kantar kamfanin jirgin. Wani saurayi ne a zaune, idonsa a kan waya. Aka ɗora kwalin a sikeli. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ya yi nauyi, ba zai bi wannan jirgin ba."

Ap'a ya yi shiru. Dattawan Yup'ik ba sa yi wa magana caraf, sukan ɗan nisa kafin su amsa, kuma a wurinsu hakan ladabi ne. Sai yaron nan ya miƙo hannu ya kaɗa yatsu a gaban fuskar tsohon, fuskar da har lokacin da bandeji a ido ɗaya.

"Kai tsoho, kana ji na kuwa? Kana jin Turanci?"

Ap'a ya ɗaga gira. Duk yaron da ya tashi a yankin nan ya san ɗaga gira yana nufin "eh". Shi kuwa cewa ya yi, "Buɗe baki za ka yi ka yi magana, akwai mutane a bayanka."

Na matso na ce, "Ɗan'uwa, kifi ne daskararre, in ya kwana a waje lalacewa zai yi. A sauke jakata a sa nasa."

"Ba kai ke tsara mana lodi ba."

"To a sa masa a firiza."

"Firiza ta cika."

"Yaushe zai iso ƙauye?"

"In an samu wuri."

"Yaushe za a samu wurin?"

Ya ɗaga kafaɗa. Sannan ya yatsina fuska, ya sa ƙafa, ƙafa fa, ya ture kwalin gefe, ya ce wai ƙarni ya ishe shi. A garin da kifi ya raya kowa tun kafin a san akwai wani abu wai shi jirgin sama, a nan ne ƙarnin kifi ya zama abin ƙyama? A nan Ap'a ya yi magana a hankali, murya ƙasa-ƙasa: "Jikana, abincinmu ne na hunturu."

"Ni ba jikanka ba ne. Kuma ba wanda ya ce dole sai kun zauna a can. In kuna son kayanku su riƙa isa a kan lokaci, ku koma inda akwai titi."

Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Mutanen da ke layi duk suka sunkuyar da kai, ba don tsoro ba, sai don kowa ya san gobe ma ta gaban wannan kantar zai bi, da mara lafiyarsa, da buhun shinkafarsa. Ba ka da wata ƙofar.

Kwalin ya iso bayan kwanaki, gindinsa ya jiƙe sharkaf yana ɗigar da ruwa ja-ja. Matar Ap'a ta yanke igiyar, ta danna yatsa a jikin kifi na farko, yatsan ya nutse. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sunsunawa ko za ta tsira da wani abu. Karnuka aka zuba wa. Na buga waya ofishinsu, wata murya ta karanto mini cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin kayan da ke iya lalacewa. Ko "yi haƙuri" ban samu ba.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan ne karon farko. Shekara da shekaru haka muke. Hazo ya sauka, jirgi ba ya zuwa, kanti ɗaya tilo da ke ƙauyen ya koma kantoci wayam, sai gwangwanaye da lemon kwalba. In kaya suka zo, ayaba ta yi baƙi, ƙwai rabi a fashe, kuma kuɗinsu cif za ka biya. Galan ɗin madara ya wuce dala 10. Man fetur da man ɗumama ɗaki kuwa jirgin ruwan dako ne ke kawo su da rani kafin kogi ya daskare, kuma farashin da aka sayo su a lokacin shi za ka yi ta biya har wata shekara, ko da a birni ya faɗi warwas. Akwai ƙauyuka kusan 30 a Alaska da har yau ba famfo ba masai na ruwa a gidaje, bokiti ake ajiyewa a lungu, da safe a ɗauka a kai juji cikin sanyin da ke fasa leɓe. A Amurka fa. Yankinmu na Kusilvak yana cikin mafiya talauci a ƙasar gaba ɗaya, aikin albashi bai wuce na makaranta, da ɗakin shan magani, da ofishin ƙabila, da kantin nan ba.

Duk da haka mutanen nan ba su taɓa zama mabarata ba, domin suna da kogi. Da Yuni ta kama, gidaje sukan kwashe su koma sansanin kamun kifi: maza a kwale-kwale, mata suna feɗewa da wuƙarsu mai kama da rabin wata, yara suna jera kifi a kan itace, ɗakin ƙyafe yana hayaƙi dare da rana. Abincin shekara ke nan, kuma a nan yaro ke koyon yarensa da sunayen danginsa. Abin da ya yi saura a sayar a sayi mai da harsashi na farautar kaka.

Sai kifin ya fara ja da baya. Tun 2008 aka daina fita kamun babban salmon, wanda ake wa laƙabi da sarki, don sayarwa. A 2021 shi da ƙaramin da ake kira cam duk suka yi ƙarancin da aka rufe kogin ɗungurungum, ko na miya ba a yarda ka kama ba. Masana'antar kifi ta garin Emmonak da ke bakin Yukon, wadda a da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane aiki da rani har da 'yan makaranta, ta rasa abin saya, ta koma noman kayan lambu a rumfunan leda. Aka riƙa turo kifin sadaka a jirgi daga yankin Bristol Bay da ke kudu da mu, ana raba wa mutanen da kogi ke bi ta ƙofar gidansu. A Afrilun 2024 kuma gwamnatin Alaska da ta Kanada, ƙasar da kogin ya taso daga cikinta, suka sa hannu a yarjejeniyar hana taɓa sarkin salmon a kogin Yukon na tsawon shekara bakwai, ƙabilu da dama suka ce ba a zauna da su ba. Shekara bakwai! Dattawa nawa ne za su kai ƙarshenta? Ɗalibaina na ƙananan azuzuwa akwai waɗanda ba su taɓa ganin an feɗe shi ba.

Mutanen nan sun bi doka, sun naɗe ragarsu sun rataye. To amma can cikin Tekun Bering, manyan jiragen da ke jan raga suna kwasar kifin folok, da yawansu na kamfanonin birnin Siyatil da ke wajen Alaska, ba su tsaya ba. A 2007 sarkin salmon sama da dubu 120 ragarsu ta haɗo da shi "bisa kuskure". A 2021, shekarar da aka hana Ap'a kama ko guda, sun haɗo da cam sama da dubu 500, kuma a lokacin babu wata iyaka da doka ta sa musu a kansa. Na san amsar da ake bayarwa: ruwa ya ɗumama, akwai cuta a jikin kifin, kuma yawancin cam ɗin da jiragen ke kamawa daga wuraren kiwon kifi na Asiya suka fito. Ban musa ba, a 2019 an ga kifi yana mutuwa a rassan Yukon saboda zafin ruwa. Amma in har kowane kifi ɗaya yana da muhimmancin da za a ƙwace ragar tsoho a kai shi kotu, kamar yadda aka yi wa masuntan kogin Kuskokwim, maƙwabcin Yukon, a 2012, ta yaya dubbai suka zama ba komai in jirgin kamfani ne ya kashe su? An dake ka, an hana ka kuka.

Shi ya sa ban tsaya a kan yaron kanta ba. Abin da ya faɗa da baki, shi hukumomi ke faɗa da aiki. Jihar da ke da asusun arzikin mai na sama da dala biliyan 80, rabon da ta ba kowane mutum a 2025 dala 1,000 ne, wanda a farashinmu bai fi duro biyu na man ɗumama ɗaki ba. A hunturun 2022 zuwa 2023 dubban iyalai suka yi watanni suna jiran tallafin abinci saboda takardu sun taru a ofis ba mai dubawa, daidai lokacin da rumbunan kifi suke fayau. An soke tallafin dala miliyan 20 da aka ware wa ƙauyen Kipnuk don kare gaɓar koginsa, 'yan watanni bayan haka, a Oktoban 2025, ragowar guguwar Halong ta ɗebe gidaje a ƙauyukan Kipnuk da Kwigillingok da mutane a ciki, aka kwashe sama da mutum dubu a jiragen soja. Masu mulki a Juno, babban birnin Alaska, da Washinton sun san hanyar ƙauye in za a ɗauki hoto bayan bala'i. Kafin bala'in kuwa, ko oho.

Majalisar da ke yanke hukunci a kan kamun kifi a wannan teku kujeru 11 ne masu ƙuri'a, babu ko ɗaya da doka ta keɓe wa ƙabilun da ke rayuwa da kifin. Mutumin ƙauye sai ya tara kuɗin jirgi biyu ya je birni, ya zauna a zauren otal yana jiran a kira sunansa, a ba shi minti uku ya bayyana yunwar shekara biyar, ana duba agogo. A ba su kujerunsu a teburin nan. Ranar da aka rufe Yukon ga masu raga ɗaya, a ɗaure jiragen folok a tasha a wannan ranar, su ma su jira kifin ya dawo.