Ɗan Boko da Sikelinsa

Ɗan Boko ya faɗo rumfar Baba Maƙeri a tsohuwar kasuwar Sakkwato, gumi sharkaf, ɗan sikelin batir a hannu.

Ɗan Boko: Baba, an cuci kakata! Liyarin nan, tsohon kuɗin azurfar da ta bar min gado, jabu ne.

Baba: Subhanallahi. Wa yac ce maka?

Ɗan Boko: Sikeli. A rubuce nauyin liyari giram 28.07 ne, wannan kuwa 27.9 ya ba ni.

Baba: To abin da yar rage, ya kai ƙwarar gero nawa?

Ɗan Boko: Baba, ilimi ba ya wasa da ɗigo.

Baba: Wuyan kakarka ma bai yi wasa da shi ba. Shekara nawa tana rataye da abinga, yana gugar tsakiya da murjani? Dubi hancin Sarauniyar, ya shafe sumul. Azurfar tana can ta bi zufa. Ko sabbi fil daga gidan bugu ba su zuwa daidai wa daida, akwai ɗan rangwamen da aka yarda da shi. Sake azawa mu gani.

Ɗan Boko: Af! Yanzu kuma 27.95.

Baba: Ya yi ƙiba ke nan a rumfata. Kashe fankar can, yaro, iska na taɓa sikelinka.

Ɗan Boko ya yi shiru yana juya kuɗin. Can ya zabura.

Ɗan Boko: Ashe na yi arziki! An rubuta 1780!

Baba: Zauna. Shekarar da Mariya Teresa ta Ostiriya, Sarauniyar da ke jikin liyarin, tar rasu ke nan. Duk wanda aka buga bayanta, ko na jiya, 1780 za ka gani.

Ɗan Boko: Ba komai. Ga wanda na saya da kuɗina wajen wani mai gaskiya a tasha. Kalli: 28.07 cif, ko ɗigo bai ɓace ba.

Baba ya karɓa, ya lura ya fi na kakar kauri. Ya ƙyasta shi da farce, maimakon amon azurfa sai wani "ƙwas" kamar murfin gwangwani. Ya jawo mayen ƙarfe daga ƙarƙashin buzu. Caraf, liyarin ya manne.

Ɗan Boko: Baba... me wannan ke nufi?

Baba: Yana nufin mutuminka na tasha shi ma yana da sikeli.