Masu noman wiwi sun fi mu tausayin ƙasa

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, kasuwa ta ɗan lafa ina zaune a rumfa a Mile 12, sai ɗan yayana ya matso da waya a hannu. Yaron bai cika wata 8 da zuwa Legas ba, yana taya ni sauke buhunan albasa. Ya ce, "Baffa, dubi wannan don Allah."

Bidiyo ne a YouTube. Wani Bature mai gemu, wai a Kalifoniya, ya durƙusa gaban wani ƙaton akwatin katako cike da ƙasa. Ya yaye busasshiyar ciyawar da ke sama, ya zura hannu ya ɗebo. Ƙasar baƙa wuluk, a warware kamar dambu, ga tana cike da tafin hannunsa sai mutsu-mutsu take yi. A bayansa kuwa wiwi ce tsaye, ta fi shi tsawo. Yaron da ya ɗan taɓa boko shi ke fassara mini: wai mutumin ya ce ba ya huɗa, ba ya juya ƙasar, ba ya zuba takin zamani, in ya yi girbi ma ba ya tuge saiwar, yanke karan yake yi daga gindi ya bar sauran ya ruɓe a ciki. Wai sunan abin ƙasa mai rai.

Da bidiyon ya ƙare yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, a can fa doka ta yarda." Na gane inda ya dosa. Na ce masa ya ajiye wayar ya kawo mana shayi.

Bari in fara sallamar wannan ɓangaren, don kada wani ya ce tsoho ya zo yana tallar ganye. Gaskiya ne, a Kalifoniya sun yarda da wiwi a matsayin magani tun 1996, a 2016 suka buɗe ƙofa ga kowane baligi. Kanada ta halatta a 2018. Nan Afirka ma Lesoto ta fara ba da lasisin nomanta don magani a 2017. Amma mu a Najeriya muke. Tun 1966 akwai dokar da ta hana shuka ta, a 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma a dokarsu wanda aka kama da gonar wiwi zai iya ƙarasa rayuwarsa a gidan yari. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kiran a halatta nomanta don magani tun 2019, an kai maganar majalisar wakilai, ba ta wuce ba. Shugaban hukumar na yanzu, Buba Marwa, mutanen Legas sun san shi tun yana gwamnan soja a nan, sun kuma san ba mai wasa ba ne. Ko da doka ta yi shiru ma, ni ina da idanu. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnati a 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar nan, kuma wasu daga cikinsu na san iyayensu. Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin gada da dare ya ga yaranmu da suka zo neman kuɗi suka ɓige da jan ido.

To wannan ke nan. Abin da ya hana ni barci a daren wani abu ne daban.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Baturen nan ya riƙe ƙasar, kamar mai riƙe da jariri. Mutumin da abin da yake nomawa hayaƙi ne, a kunna a zuƙa a busar, shi ne ya damu da kada ya yanka tana da fartanya. Mu da muke noma abin da yara za su ci, latas da alayyahu da albasa mai lawashi, mun mayar da ƙasa kamar jakin haya: a yi ta duka har ya kwanta, a nemi wani. Dalilin Baturen ba ɓoyayye ba ne, kayansa na da tsada, masu saye kuma suna biyan ƙari in an ce babu sinadari a ciki. Kuɗi ne ya koya masa ladabi. Amma ko mene ne ya koya masa, abin da ya faɗa game da ƙasa gaskiya ne, kuma ba mallakin wiwi ba ne.

Masana sun ce cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai lafiya na iya ɗaukar ƙwayoyin bakteriya har biliyan 1. Bayan su akwai wani farin zare siriri, kamar saƙar gizo-gizo, wanda in ka ɗaga ruɓaɓɓen ganye za ka gan shi. Wannan zaren yana manne wa saiwa, ya miƙe ya shiga inda saiwar ba za ta kai ba, ya jawo mata ruwa da sinadarin fosfaras, ita kuma shukar ta biya shi da zaƙin da ta haɗa a ganyenta. Ciniki ne, ba ni gishiri in ba ka manda. Tana kuma aikinta ta ci ruɓaɓɓen abu ta yi kashi, ta huda ramuka iska da ruwa su shiga. Duk ranar da ka kafta ka juya ƙasar, ka tsinka zaren, ka rushe ramukan, ka baje abincinsu a rana. A ƙasa mai zafi irin tamu abin da ya ruɓe a cikin ƙasa ƙonewa yake yi da sauri da zarar iska ta same shi. Sai ruwan Yuni da Yuli ya zo, irin na Legas da ba ya sallama, ya daki ƙasar tana tsirara, ya wanke samanta ya kai kwata. In yashi ne, kamar yawancin filayen da 'yan uwanmu ke lambu a ɓangaren Ojo, takin yuriyar da ka barbaɗa jiya ta riga ta bi ruwa ta wuce inda saiwa take.

Akwai wani dattijo mutumin Ƙaraye da ke lambu a gefen hanyar Iba, ya fi shekara 20 a wurin. Kowa Baba yake ce masa. Ranar Talata na ɗauki yaron muka je, don ya ji daga bakin wanda ya fi ni. Muka same shi yana ban ruwa da garwa biyu. Na ce, "Baba, barka da aiki. Ga ɗanka ya zo da ilimin Turawa, wai ba a huɗa." Ya ajiye garwa, ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, ya miƙo. Bai ce komai ba, ya ja mu zuwa wani fangali a ƙarshen lambun, kusa da inda yake zubar da ganyen da ya tsince da ciyawar da ya cire. Ya sa yatsa biyu ya tona. Baƙar ƙasa, ga tana. Ya ce, "Nan ban taɓa sa masa fartanya da gangan ba, lalaci ne ya sa. Shi ne kuma bai taɓa ba ni kunya ba." Sannan ya nuna sauran fangalan da hannu, ƙasarsu fari-fari, in ta bushe sai ta yi ɓawo. Ya ce waɗancan kam in bai ba su buhun takin zamani ba, ba sa gaishe shi.

Na tambaye shi, to Baba me ya hana ka mayar da lambun duka haka? Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, filin naka ne?"

Nan ne maganar ta ke, kuma Baturen bidiyo bai san da ita ba. Ƙasa ba ta farfaɗowa a wata ɗaya, sai ka yi shekara 2 ko 3 kana ciyar da ita kafin ta fara rama maka. Mai lambu a Legas kuwa aro yake zaune. Yau yana ban ruwa, gobe ya tarar an sauke bulo da yashi a kan latas ɗinsa, masu fili sun sayar. Wa zai yi kiwon saniyar da bai san ko shi zai tatsa ba? Don haka in na ga mai lambu yana barbaɗa yuriya don ya samu ya yanki alayyahu cikin sati 4 ya kai kasuwa, ba na zaginsa. Ni ban ce a jefar da takin zamani ba, ga katafariyar masana'antarsa ma a Lekki da aka buɗe a 2022. Abin da nake cewa shi ne, buhu kaɗai ba ya riƙe gona, kuma duk wanda ke da ikon bai wa masu lambun nan takardar zama ta shekara 5 ko 10 a filayen da ba a gini a kansu, ya yi wa cikin Legas aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron nan sai da ya ji daga Kalifoniya sannan ya ɗauki abin da daraja. Nan Ibadan, tafiyar da ba ta kai awa 3 ba, a cibiyar binciken noma ta IITA, wani masanin ƙasa haifaffen Indiya, Rattan Lal, ya zauna daga 1970 zuwa 1987 yana gwada noma ba huɗa tare da rufe ƙasa da ciyawa, ya nuna yadda hakan ke tsayar da zaizaya. A 2020 aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya. A ƙasarmu ya yi aikin, mu ne ba mu ji ba.

Kafin shi ma, wane Bahaushe ne bai san gawo ba? Bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. Kakanninmu ba sa sare ta a gona, sun san geron da ke gindinta ya fi na ko'ina zangarniya, ba tare da sun san sunan naitirojin ba. Suna haɗa dawa da wake a kunya ɗaya, sai daga baya masana suka zo suka ce ai ƙullutun da ke saiwar wake taki yake tarawa daga iska. A karkarar Kano da rani jakuna ke fitar da shara da toka da kashin awaki daga birni zuwa gona, su komo da itace, kuma da haka aka noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu. A Nijar, wajajen Tawa, suna haƙa ƙananan ramuka a faƙo, tassa suke ce musu, su zuba taki a ciki. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanya, faƙon da aka fid da rai da shi ya ba da gero. Garar da muke gani mu ɗauko magani. A Burkina Faso Yakuba Sawadogo da irin wannan ramin ya mayar da fili tsirara daji, har duniya ta karrama shi a 2018.

Ita kuma wiwin da ake nomawa a Najeriya, kada yaro ya ɗauka irin ta bidiyo ce. Cikin gandun dajin gwamnati ake shiga a Ondo da Edo da maƙwabtansu, a sare bishiyoyi, a cinna wuta, a shuka a ɓoye, in an girbe ko an ji motsin hukuma a gudu a bar wurin a ƙone. Babu mai lissafin tana a can.

Wani abu kuma da ya kamata 'yan uwa na gida su ji. Yanzu da yawa sun daina kaftu, sai su goya tanki su feshe gona da maganin ciyawa, ta bushe ƙurmus, a cinna mata wuta a shuka. Wannan ba huɗa a ciki, gaskiya, amma ƙasar tsirara aka bar ta kuma da yunwa. Sirrin yana wurin rufin da kuma abin da kake mayar mata.

Ni ma na ɗanɗana kuɗata kafin in iya. Bara na yanke tsofaffin jarkoki na jera a bayan ɗakina a Agege. Wani mai kaji ya sayar mini da kashin kaji ya rantse ya kwana biyu, ashe ɗanye ne. Na zuba, cikin kwana 3 dashen tattasai ya ƙone kamar an watsa masa ruwan zafi. Na sake, wannan karon na cuɗa garin katako cikin ƙasar don ta yi laushi, ganye ya fito rawaya, ya ƙi girma. Baba ne ya warware mini: garin katako a sama ake shimfiɗa shi, in ka binne shi sai ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su cinye abincin shukar. Kashin kaji kuma sai an tara shi da ciyawa ya yi zafi ya huce, warin ya koma irin na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Rufin ma da nasa sharrin, da damina dodon koɗi ke ɓuya a ƙarƙashinsa, in ba ka fito da tocila da dare ka tsince su ba, da safe sai ka tarar da kara.

Kayan aikin kuwa a kansu muke tafiya kullum. Duk wanda ya san Mile 12 ya san abin da ake sharewa kowace yamma: ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon albasa, ganyen kabeji, ciyawar da ake shimfiɗawa a kwando. Tuli guda, mu biya kuɗi a kwashe a kai juji. A mayankar Oko-Oba ga kashin shanu nan. Baturen can saye yake yi da dala a cikin leda mai tambari, mu kuma toshe hanci muke mu tsallake.

Jiya da magariba na tarar yaron ya ware buhu biyu a bayan rumfa, ya cika su da ganyen kabeji da ɓawon albasa. Maƙwabcina mai tumatir yana ta yi masa tsiya, wai ɗan Alhaji ya koma bola. Na tambaye shi me zai shuka. Ya ce alayyahu da yakuwa, kuma Baba ya yi masa alkawarin tana cikin gwangwanin madara ranar Juma'a, in ya zo da nasa gwangwanin.