Mu bar hoton, mu bi sawun

Assalamu alaikum jama'ar Garwa da duk wanda wannan rubutu ya iske. Yau kwana goma sha ɗaya ina riƙe da maganar nan a ciki, ina jiran mai ita ta ba ni izini. Jiya ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci sunanta.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗinki take yi a gidan aurenta a Yelwa, da wani tsohon keken taka-taka da ta gada wurin innarmu. Shekara guda tana zuba adashi don ta sayi na lantarki. Ana saura kwana biyu ta kwashi adashin sai ta ci karo da wani shafi a Facebook mai sayar da kekunan ɗinki, wai shagonsu yana Akwa a Duwala, suna aikowa arewa ta motar ajans, wato kamfanin motocin safa. Kuɗin da suka sa bai fi rabin abin da ake faɗa a babbar kasuwarmu ba. Mutumin ya iya baki. Faransanci yake rubutawa, amma sai ya fara da sallama, ya kira ta Hajiya, ya tambayi lafiyar yara. Ta tura masa kafin alƙalami sefa 85,000. Washegari ya aiko hoton kwali an naɗe da salatif, an rubuta sunanta da lambarta a jiki da baƙar maka, har da wata takarda mai kama da rasit ɗin ajans. Daga nan ya ce sai an biya kuɗin inshora 15,000 kafin a loda, ya ba ta wata lambar daban. Ta tura. Kwana uku tana zuwa tasha tana tsayuwa a rana tana duban kwalayen mutane ana saukewa. A na huɗu ya toshe ta.

Bayan isha'i ta shigo gidana da mayafi a hannu, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, an cuce ni." Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun rasuwar mahaifinmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tun kafin ta biya ta turo mini mahaɗar shafin ta WhatsApp ta ce in duba mata. Ina cikin hidimar shago, na ce mata sai anjima, anjimar ba ta zo ba. Wannan mahaɗar da na yi sakaci da ita kuwa, ita ce ta zame mana bakin zaren.

Ga abin da nake son kowa ya gane. Kusan kowane shafi yana da suna biyu. Akwai wanda ke rubuce da manyan baƙaƙe kusa da hoto, shi kowa ke kallo, kuma canza shi bai fi canza hula wuya ba. Akwai kuma sunan adireshi, wanda ke zuwa bayan alamar @ ko a ƙarshen mahaɗa, bayan facebook.com da sandar nan mai karkata. Shi ba mai kula shi, har da mai shafin. Da na buɗe tsohon saƙon nata, sai na ga sunan da ke ƙarshen mahaɗar ba ruwansa da ɗinki ko keke. Wani laƙabi ne irin na samari, baƙo a kunne, da lambobi biyu a wutsiya. Na latsa. Shafin yana nan daram, sai dai ya tashi daga kekunan ɗinki ya koma sayar da wayoyi, da sabon suna da sabon hoto. Na shiga wurin da aka rubuta Transparence de la Page, inda Facebook ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka da ranakun canjin. Sau huɗu ya sake suna. Ya sayar da babura, ya yi dillancin bizar aiki a ƙasashen Larabawa, ya yi kekunan ɗinki, yanzu wayoyi.

Daga nan na ɗauki laƙabin na sa shi a Google tsakanin alamomin zance, don ya nemo shi yadda yake ba tare da ya rarraba shi ba. Na kuma gwada shi da hannu: na rubuta shi bayan instagram.com, bayan tiktok.com da @, bayan t.me na Telegram. A TikTok ya fito, bambancin kawai ɗigon tsakiya ya koma ɗan layin ƙasa. A Telegram ya fito yana tallan biza, da irin kuskuren rubutun da ke cikin saƙonnin da ya aiko wa ƙanwata, kalma ɗaya da kullum yake juya haruffanta. Sai kuma wani tsohon talla na shekarun baya a wani shafin saye da sayarwa, wanda da alama ya manta da shi, da lambar waya a ƙasa. Lambar nan ita ce ta biyu, wadda aka tura wa kuɗin inshora. Duka wannan da wayar hannuna na yi shi, a zaune kan tabarma, kafin ƙarfe ɗaya na dare. Akwai manhajoji irin su WhatsMyName da Sherlock masu duba suna ɗaya a ɗaruruwan shafuka lokaci guda, amma ni ban ma kai ga buƙatarsu ba.

Duk wanda ya tashi kusa da makiyaya ya san in an kore shanu da dare ba a tsayawa gardamar kalar rigar ɓarawo. Ƙasa ake duba, a bi sawu. To wannan ma bin sawu ne.

Za ka ce, mutumin da ya iya haɗa rasit na ƙarya me zai hana shi sake sunan adireshi? Dalilan a fili suke. Mai asusu ashirin dole ya riƙe sunayensu a ka, don haka yakan koma ga wanda hannunsa ya saba bugawa, ya ƙara 237 (lambar kiran waya ta Kamaru) ko 01 ko officiel a baya. Sannan shafin da ya tara mabiya dubbai shi ne jarinsa, domin yawan mabiyan ne ke sa irin ƙanwata su saki jiki. Ba zai goge shi ba, sai dai ya sake masa riga. In kuma ya taɓa sunan adireshin, mahaɗar da ya riga ya watsa a zaurukan WhatsApp na mata da na 'yan kasuwa za ta iya mutuwa, kasuwarsa ta tsaya. Uwa uba, laƙabin da mutum ya raɗa wa kansa tun yana saurayi yana da wuyar rabuwa. Hali zanen dutse.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan damfara kaɗai wannan ke kayarwa. A Amurka an yi wata kasuwar ɓoye a intanet mai suna Silk Road, inda ake cinikin miyagun ƙwayoyi da Bitcoin. Mai ita, Ross Ulbricht, ya ɓuya bayan fasahar da ta gagari jami'an tsaro tsawon lokaci. Abin da ya fara tona shi, a farkon 2011 wani mai amfani da sunan altoid ya yi ta tallan kasuwar a wasu zauruka. Bayan 'yan watanni, da wannan sunan dai, ya sa sanarwar neman ma'aikaci masanin kwamfuta, ya ce a tuntuɓe shi ta adireshin Gmail mai ɗauke da cikakken sunansa na yanka. Wani jami'in hukumar haraji, Gary Alford, shi ya haɗa biyun ta hanyar bincike a Google. An kama Ulbricht a watan Oktoba na 2013 cikin wani ɗakin karatu a San Francisco. In mai wannan ilimi ya yi tuntuɓe da tsohon laƙabinsa, ina ga mai damfarar matan aure da hoton kwali?

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba don in nuna na iya bincike na rubuta ba.

Mu a nan, da zarar an cuci mutum, abin da yake fara yi shi ne ya ɗauki hoton da ke kan shafin ya watsa a kowane zaure: ga ɓarawo, a tura wa kowa, Allah ya isa. Kafin azahar hoton ya kai Marwa, ya kai Ngaundare, ya haye gadar Ngeli daga Kuseri ya shiga Njamena. Ƙanwata ma abin da ta so yi ke nan a daren, kuma ban ga laifinta ba, zuciya ce. Na roƙe ta ta dakata. Na sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Dattijon nan mai farar shadda da murmushi, wanda take ta tsine wa, wani ɗan kasuwa ne a wata ƙasa daban, hoton an ɗauke shi ne daga shafinsa na gaskiya, kuma shi kansa ya taɓa rubuta gargaɗi cewa ana damfara da fuskarsa. Da mun watsa, da mun zama kamar zomon da ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kuma dukanmu mun san abin da ihun "ɓarawo" ke haifarwa a kasuwanninmu. Mutum yana iya rasa ransa kafin a tambayi me ya sata. Ba na son jinin kowa ko mutuncin kowa a wuyan 'yar'uwata saboda sefa 100,000.

Lambar waya ma ba hujja ce yankakkiya ba. Gaskiya ne doka ta wajabta rajistar layi da katin ɗan ƙasa, kuma in za ka tura kuɗi ta waya sunan mai layin yakan fito kafin ka sa lambar sirri. Amma katuna nawa ne ke ɓacewa a tasha da kasuwa? Mutum nawa aka ce wa "ara mini lambarka a turo mini saƙo" suka bayar da zuciya ɗaya? Sunan da ya fito yana iya zama na wata tsohuwa a ƙauye da ba ta san an buɗe layi da katinta ba.

Shi kansa sunan adireshin, in an same shi a wuri biyu ba shi ke nan an gama ba. Abba da shekarar haihuwa, ko Ummi da 237, za ka iya samun mutum ɗari masu shi. Abin da ya sa na yarda da nawa binciken, laƙabin baƙo ne, kuma abubuwa uku suka taru a kansa: sana'ar biza da ta bayyana a tarihin shafin da kuma Telegram, kuskuren rubutu iri ɗaya, da lambar da ta karɓi kuɗinmu. Da ɗaya kaɗai na samu da na yi shiru. A kula kuma da dabarar da ke zuwa ta baya: wasu sukan kwaikwayi sunan shago na gaskiya su canza harafi ɗaya, sifili a madadin o, ko babban I a madadin ƙaramin l. Wanda ya yi gaggawa sai ya je ya zagi mai shagon da shi ma zaluntarsa aka yi.

Doka ma ba ta bar mai yaɗawa ba. Dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, wadda ta shafi tsaron intanet da laifukansa, a sashe na 78 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga wanda ya watsa labari ta intanet alhali ba zai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba. Ka ga wanda aka cuta yana iya wayar gari shi ne a gaban alƙali. Shi kuwa ɗan damfara, sashe na 318 na kundin hukunta laifuka yana jiransa da shekara 5 zuwa 10. Amma sashen ba zai tashi ya kamo shi da kansa ba, sai an kai ƙara, kuma sai ƙarar ta zo da abin kamawa. Jandarma da 'yan sanda, da hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet, su ne ke da hanyar neman bayanan mai layi ko mai asusu daga kamfanoni. Ni da kai iyakarmu abin da ke a fili. Shi ya sa ban rubuta laƙabin a nan ba, kuma ba zan rubuta ba, ko an tambaye ni ta akwati.

Wani abin da ke taimakon mutanen nan shi ne kunyarmu. Ƙanwata ta kwana biyu ba ta gaya wa mijinta ba, tana tsoron a ce mata araha ba ta ado, a ce wa ya aike ki. Na tabbata a unguwarku ma akwai wadda ta haɗiye irin wannan ta yi shiru. Don Allah maza, in matarka ko ƙanwarka ta zo maka da wannan, ka ajiye faɗa zuwa gobe. Ka fara cewa kada ta goge komai. Yawancin mutane da zafin rai suke share hirar, su share lambar, da hannunsu su share sawun. A ɗauki hoton allo na hirar daga farko har ƙarshe, a kwafi mahaɗar shafin kanta a ajiye, a bar saƙon shaidar tura kuɗi mai ɗauke da lambar ciniki da rana da sa'a.

In kuwa ba a riga an biya ba, binciken nan bai fi minti goma ba. Ka duba ƙarshen mahaɗa, ka ga ko sunan ya dace da hajar. Ka buɗe tarihin shafin. A Instagram ma akwai À propos de ce compte, yana nuna lokacin da aka buɗe asusu da ko an sha canza masa suna. Mai shagon kirki da ya shekara biyar yana sayar da keken ɗinki ba ya wayar gari yana dillancin biza. Sannan wanene a cikinmu ba shi da ɗan'uwa ko ɗan unguwa a Duwala ko Yawunde, a Briketeri ko New Bell, da zai taka ya ga shagon da idonsa?

Mun buga komai a takarda, shafi goma sha huɗu, ni da mijinta muka raka ta muka shigar da ƙara. Jami'in da ya karɓa ya daɗe yana duba shafin da na jera asusun uku da tsohon tallan, ya sa biro ya zagaye lambar wayar, ya ce mu dawo ranar Alhamis. Kuɗin bai dawo ba tukuna, ita kuma ta koma kan keken innarmu tana ɗinkin yaran makaranta.

Shafin yana nan har daren jiya, yana tallan wayoyi, kuma na ga wata baiwar Allah a ƙasan hoton tana tambayar nawa ne kuɗin aikowa Marwa. Na yi mata magana ta akwati, ta fasa. In akwai wanda ya tura kuɗin babur, ko na biza, ko keken ɗinki, ko waya ga wani shafi mai cewa yana Akwa, aka karɓi kuɗin inshora daga baya aka toshe shi, ya turo mini mahaɗar shafin da saƙon shaidar biya kafin Alhamis. In sawun ya zo ɗaya, sai mu haɗa takardun mu tafi tare.